Willie Nelson da Kiɗan da Aka Haifa a Tallan Fulawa

Willie Nelson, mutumin jihar Texas ta Amurka, an haife shi a 1933, amma har yau bai rataye jitarsa ba. A 2023 ya fitar da kundin Bluegrass, kiɗan gargajiyar mutanen tsaunuka. A 2024 ya ƙara biyu, The Border da Last Leaf on the Tree, wanda ɗansa Micah ya shirya, inda dattijon ya rera waƙoƙin 'yan rock irin su Neil Young da Tom Waits. Wanda bai san gidan ba zai ce tsohon ya rasa alƙibla, yau yana nan gobe yana can. Ni kuwa ina ganin zumunci yake yi tsakanin 'yan uwa, domin roots (kiɗan gargajiyar Amurka) da rock da western swing duk tsatsonsu ɗaya.

Western swing ne ya fi buƙatar bayani. A farkon shekarun 1930, a birnin Fort Worth, wani kamfanin niƙa mai suna Burrus Mill ya ɗauki makaɗa su riƙa tallata masa fulawa a rediyo. Sunan ƙungiyar Light Crust Doughboys, a cikinta akwai Bob Wills mai goge irin na Turawa da mawaƙi Milton Brown. Manajan kamfanin, W. Lee O'Daniel, ya ci moriyar farin jininsu sosai, don kuwa muryarsa a rediyo ce ta kai shi kujerar gwamnan Texas a 1939. Makaɗan dai ba su jima da shi ba. Wills ya kafa Texas Playboys, ya koma Tulsa a 1934, yana kiɗa a gidan rawa na Cain's Ballroom, tashar KVOO tana watsawa.

Abin da suka yi shi ne haɗa gogen manoman karkara da jazz da blues na baƙaƙen fata, suka ƙara ƙaho da ganga da jita mai lantarki don sauti ya cika zauren rawa. Wills ya tashi yana tsinkar auduga tare da baƙaƙen fata, a bakinsu ya koyi blues, bai kuma taɓa ɓoye haka ba. Kamfanonin faifai ne suka raba kiɗan biyu, wannan na farare wancan na baƙaƙe, alhali makaɗan suna sauraron juna dare da rana. Banjo ma, da ake ɗauka kayan kiɗan Turawan ƙauye ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can, da ƙwarya da fata, dangin gurminmu.

To ina rock ya shigo? Waƙar Maybellene da Chuck Berry ya yi a 1955 ta samo asali daga Ida Red, tsohon kiɗan goge da Wills ya naɗa a 1938. Bill Haley kuwa, kafin waƙarsa Rock Around the Clock ta 1954, ƙungiyar western swing yake jagoranta da hular kaboyi a kansa. Sai ga shi rock ɗin da ya sha nonon wannan kiɗa shi ya ƙwace masa kasuwa, manyan ƙungiyoyi masu tsadar riƙo suka watse.

Mawaƙi Merle Haggard ne ya tono western swing a 1970 da kundin girmama Wills. A shekarar aka kafa ƙungiyar Asleep at the Wheel ta Ray Benson, wadda Nelson ya jawo zuwa Austin. Furodusa Jerry Wexler ya zaɓa wa Nelson tsofaffin waƙoƙin swing tun shekarun 1970, aikin ya kwanta sama da shekara talatin, sai a 2009 ya fito da sunan Willie and the Wheel, tare da ƙungiyar Benson, bayan Wexler ya mutu a 2008. Muryar Nelson takan makara kaɗan a bayan kiɗa, da gangan, salon da ya ɗauko daga 'yan jazz, kuma a wannan kundin ta fi zama daram. Mai son ɗanɗana western swing ya fara da shi, sannan ya nemi New San Antonio Rose ta Wills ta 1940.