Idan rubutu ko zaman aji na yi wa ɗanku wuya

Iyaye, akwai yaron da ke gane karatu sarai, amma fensir na suɓuce masa. Wani ba ya iya saka maɓallin riga ko zama kan benci har a gama darasi. Wani kuwa tun da aka gudo, ƙara kaɗan ke firgita shi. Kada a ɗauka lalaci ne ko taurin kai.

Akwai ma'aikacin lafiya da aikinsa shi ne koya wa irin waɗannan yara hidimomin yau da kullum. A Nijar, Kamaru da Chadi za ku ji ana ce masa ergothérapeute da Faransanci. Ba ya yin allura. Yakan shiga aji ya lura da yadda yaro ke zama, rubutu da cin abinci, sannan ya gyara abin da ke tare shi: ya naɗa wa fensir tsumma ya yi kauri, ya sa katako ƙarƙashin ƙafafunsa, ya nuna wa malami da uwa wasannin ƙarfafa yatsu, kamar mulmula laka.

Kada ku ajiye yaro a gida saboda haka. Ku sanar da shugaban makaranta ko asibitin sansani tun da wuri, a duba shi.