Ayaba, koko da wa'adin Turai

Ƙaramar ƙasa kan nemi 'yan uwa kafin ta zauna ciniki da babba, domin baki ɗaya ya fi ƙarfi. Haka ECOWAS ta so yi da Tarayyar Turai, sai wa'adin rangwamen haraji kan kayan Afirka ya zo ƙarewa a ƙarshen 2007.

Nan hankali ya rabu. Ghana da Kodebuwa na da ayaba, kifin gwangwani da man koko masu jiran jirgi a Tema da Abijan. Haraji na hawa, masu saye za su juya baya. A Disamba ƙasashen biyu suka amince da yarjejeniyar wucin gadi da Turai, kuma da wuya a ga laifinsu. Najeriya, da fetur a hannu, ta ƙi. Nijar kuwa hankalinta kwance, don tuni Turai ta yafe wa ƙasashe mafiya talauci harajin.