Bayan An Aurar Da Auta: Kewar Iyaye Da Maganinta Ta Hanyar Magana

Idan aka aurar da auta, barka ake yi wa uwa. "Hajiya, kin sauke nauyi, sai hutu." Ita ma ta amsa da hamdala, domin abin da ta shekara talatin tana roƙon Allah ke nan. Amma bayan 'yan biki sun watse an mayar da tukwanen aro, gidan da ake dafa mudu biyu sai ya koma gwangwani biyu. Babban ɗa yana aiki a Abuja, mai bi masa yana Legas, ɗaya tana aure a Maraɗi, wani ya tafi karatu Masar. A da, ɗa kan gina ɗakinsa ne a cikin gidan gandu, matarsa ta karɓi girki, jikoki su cika tsakar gida. Yanzu aikin albashi da gidan haya da neman kuɗi a nesa sun sa ana samun tsoho da tsohuwa su biyu rak a gida mai ɗaki shida.

Ba kowa wannan ke kayarwa ba. A 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Sara Gorchoff da abokan aikinta, sun fitar da sakamakon bibiyar shekara 18 da aka yi wa matan da suka yi karatu a kwalejin Mills ta Kalifoniya, inda suka ga da yawansu sun ƙara jin daɗin zaman aure bayan 'ya'ya sun tashi. A wurinmu ma akwai uwar da sai a lokacin take samun sukunin shiga Islamiyya, ta sauke Alƙur'ani tana da shekara sittin. Saboda haka tafiyar 'ya'ya ba cuta ba ce, likitoci ma ba su lissafa ta cikin cututtuka ba. Sauyin rayuwa ce, sai dai wasu takan jefa su cikin ciwon damuwa na gaske.

Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda 'ya'yan ne agogonsu. Tashin asuba saboda ɗumame ne, zuwa kasuwa saboda cefanen yara ne, hatta faɗan da uwa take yi da yamma aiki ne. Da suka tafi, 'ya'yan suna nan da ransu, suna ma bugo waya, amma aikin ya mutu. Uwar tana kewar mutanen, amma abin da ya fi cin ta shi ne babu wanda ke buƙatarta kafin azahar. Uba ma haka, musamman idan abin ya zo daidai da ritaya, sai dai shi ba ya kuka, saurin fushi yake yi, ko ya daina fita majalisa.

Tsofaffinmu ba safai suke cewa suna baƙin ciki ba. Jiki suke kawo ƙara: kaina yana nauyi, ƙirjina yana zafi, abu yana yi mini yawo a jiki, ba na barci. A kai su kemis, a auna jini, a ce hawan jini ne ko zazzaɓin cizon sauro, a sha magani, a dawo gidan jiya. Alamar da likitoci ke dubawa ita ce: idan mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciyarsa a cunkushe, abin da yake so a da ya fita ransa, barci da cin abinci sun rikice, yana jin ba shi da amfani, to abin ya wuce kewa. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta kan tsofaffi sama da dubu biyu a ƙasar Yarabawa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2007, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama sun taɓa fama da ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu. Wannan a ƙasar da muke tinƙaho da zumunci ke nan.

Magani ta hanyar magana ba nasiha ba ce, ba kuma "ki yi haƙuri" ba ne, wanda uwar ta riga ta ji sau ɗari. Zama ne mai tsari da wanda ya koyi aikin, yawanci sau ɗaya a mako, na ƙasa da awa ɗaya. Hanyar da ta fi dacewa da wannan hali, a ganina, ita ce wadda Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara a Amurka cikin shekarun 1970, mai duba dangantakar mutum da na kusa da shi. Sun lura damuwa takan taso ne daga rasuwa, ko saɓani, ko kaɗaici, ko sauyin matsayi, kuma tafiyar 'ya'ya sauyin matsayi ce tsantsa. Cikin zama 12 zuwa 16, mai ba da shawarar zai fara barin uwar ta faɗi abin da ta rasa ba tare da an katse ta da cewa ai alheri ne ya raba ba. Daga nan ya tambaye ta abin da ba ta so a waccan rayuwar: gajiyar, rashin kuɗin makaranta, daren da yaro bai dawo da wuri ba. Wannan tambayar tana da muhimmanci, don kewa takan wanke jiya ta mai da ita fes. Sannan a juyo kan yau: wa ya rage mata, da wa za ta iya sabunta zumunci, me za ta nema a wurin 'ya'yan kuma yaya za ta faɗa. Iyaye da yawa suna da kawaici, ba za su iya cewa "ina son ka riƙa kirana ranar Juma'a" ba, sai su yi fushi ɗan bai san laifinsa ba. A ɗakin likita ake gwada furta irin wannan magana kafin a faɗa wa ɗan.

Akwai kuma hanyar Aaron Beck ta shekarun 1960, mai bin diddigin tunani. Idan tsohuwa ta ce "sun manta da ni," ba a musanta mata, sai a ce, "Mama, mu duba tare, wa ya kira ki a wannan makon?" Ana haɗa wannan da tsara yini: a rubuta abu ɗaya ko biyu da za ta yi gobe ko da ba ta jin yi, kamar gaida maƙwabciya, zuwa karatu, ko duba awakinta. Dalili shi ne mai damuwa yana jiran ya ji daɗi kafin ya motsa, alhali motsin ne ke jawo jin daɗin. Likita Robert Butler shi kuma tun 1963 ya nuna cewa yawan ba da labarin da, wanda muke ɗauka surutun tsufa ne, hanya ce da tsoho ke daidaita lissafin rayuwarsa, har aka gina wani salon magani a kai.

Mai karatu zai ce ina za mu samu irin waɗannan ƙwararru, alhali likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Amsar daga Afirka ta fito. A Yuganda, cikin ƙauyukan Masaka da Rakai, an horar da mutanen gari suka jagoranci zaman rukuni na mako 16. Rahoton 2003 ya nuna ƙasa da kashi 7 cikin ɗari na waɗanda suka halarta ne suka rage da ciwon, yayin da fiye da rabin waɗanda ba su halarta ba suna nan da shi. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna sauraron masu damuwa zama shida. Abin sha'awa a nan, tsohuwar da ake ganin ta gama aiki ita ce ta zama mai magani. Waɗannan ayyuka don masu damuwa gaba ɗaya aka yi su, amma sun tabbatar ba sai da farar riga ba.

Dabararmu ta gargajiya ita ce a ba kaka riƙon jika. Sau da yawa tana aiki, domin tana mayar mata da ainihin abin da ta rasa. Amma idan ciwon ya riga ya kama ta, ɗora mata yaro ƙarin kaya ne, yaron ma ya cutu. Turo kuɗi ta waya shi ma ba ya cike gurbin. Ƙasar Sin, inda dokar haihuwar ɗa ɗaya ta bar miliyoyin iyaye su kaɗai, sai da ta kafa doka a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu.

Wanda ya ga alamun nan ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya fara da likita a duba jiki, saboda ciwon sukari, matsalar maƙoƙo, wasu magungunan da ake sha, da farkon ruɗewar tsufa duk suna iya kama da damuwa. Daga nan a nemi a tura su sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Wani lokaci sai an haɗa da ƙwaya. Kalmar asibitin mahaukata ita ke korar tsofaffi, don haka a ce musu za a ga likitan barci da yawan tunani, kuma gaskiya aka faɗa. Idan kuwa tsoho ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya ƙi ci da sha, ba a jiran ƙarshen wata, ranar ake kai shi.