Lamba ta Uku a Na'urar Awon Jini

In aka ɗaura wa mutum na'urar awon hawan jini a kemis a unguwar Hanwa ko Tudun Wada, lambobi uku ne ke fitowa. Biyun sama ake dubawa, a ce, "Baba, jinin ya ɗan hau, a rage gishiri da magi." Ta ƙasa, mai nuna sau nawa zuciya ke bugawa a minti ɗaya, ko karanta ta ba a cika yi ba. Wannan asara ce, domin tana da abin faɗa game da ciwon suga.

Babu mai umartar zuciyarsa ta buga. Wasu jijiyoyi ne ke wannan aiki ba da saninmu ba, kuma iri biyu ne, kamar totur da birki a babur. Na farko na gaggawa ne: da tsoro ko fushi ya zo sai su hanzarta zuciya, su sa hanta ta zubo suga cikin jini, su takure hanyoyin jini, su kuma rage fitar insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Na biyu, wanda babbarsu ita ce doguwar jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka ƙirji da ciki, shi ke lafar da zuciya, ya taimaka a saki insulin bayan cin abinci. Matsalar ita ce idan ƙiba, zaman wuri ɗaya, rashin barci da tunanin yau da gobe suka bar na gaggawar yana aiki dare da rana. Zuciya ba ta sauka ko mutum yana kwance, suga kuma yana taruwa a hankali.

An bibiyi mutum fiye da 8,000 a Amurka tsawon kimanin shekara 8, a wani bincike da aka buga a 2003. Waɗanda bugunsu ya haura 73 suna hutawa sun fi waɗanda ke ƙasa da 60 haɗarin kamuwa da ciwon suga da kusan kashi 60 cikin 100. A China ma, binciken Kailuan na 2015 a kan mutum sama da 70,000 ya nuna duk ƙarin bugu 10 yana tafe da ƙarin haɗari na kashi 23. Abin lura, 73 tana cikin iyakar da likitoci ke kira daidai, wato 60 zuwa 100.

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, juna biyu, goro da shayi mai kauri duk suna hanzarta bugu. Alama ce kawai, ba hukunci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Suga idan ya daɗe a jini yakan lalata waɗannan jijiyoyi da kansu. Mai ciwon sai ya ga jiri na ɗibarsa in ya miƙe daga sujada, zuciyarsa na gudu ba gaira ba dalili, wani ma ciwon zuciya ya same shi bai ji zafin ƙirji ba, iyali su ce faɗuwa kawai ya yi. Dattijo mai suga da ke fama da irin wannan jiri ya kamata a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ba a tsaya ga maganin ƙarin jini ba.

Nazarin da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2018 ya ƙiyasta masu suga a Nijeriya da kusan kashi 6 cikin 100, Arewa maso Yamma kuma kashi 3. Sai dai da yawa ba su san suna da shi ba sai ƙafa ta yi gyambo.

Awon bugu ba ya cin ko sisi. Da asuba kafin a sha shayi, a zauna minti biyar, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga minti ɗaya. In kwana da kwanaki yana 80 ko sama da haka, ga tumbi, ga suga a dangi, a je a gwada jini kafin karin kumallo. Tafiyar sauri ta minti 30 a yawancin ranakun mako tana saukar da bugun, tana kuma taimaka wa insulin ya yi aikinsa.