Samar da Inzayim daga Fumfuna ta Amfani da Ragowar Amfanin Gona

Gabatarwa

Bayan kowace kaka, gonaki da injinan casa sukan bar tulin karan dawa, totuwar masara, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa da tuƙar rake. Akan cinna wa wani kaso nasu wuta, alhali kuwa maƙare suke da sukari. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake noma fumfuna a kan irin wannan ragowa domin samar da inzayim, wato sinadaran da halittu ke fitarwa don hanzarta narkar da abu.

Abin da ya sa kara ke da taurin narkewa

Jikin tsiro ya ginu ne da abubuwa uku. Na farko shi ne selulos, wanda dogayen sarƙoƙi ne na sukarin gulukos, kuma shi ya fi yawa. Na biyu shi ne hemiselulos, mai rassa, wanda ke ɗaure zaren selulos. Na uku shi ne lignin, wanda ke lulluɓe su kamar yaɓen siminti. Matuƙar ba a sassauta wannan yaɓe ba, inzayim ba ya kaiwa ga sukarin.

Fumfunar da ake amfani da ita

Wadda ta fi shahara ita ce Trichoderma reesei. An gano ta ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da take cinye tantuna da tufafin audugar sojojin Amurka a yankin tsibiran Solomon. Elwyn Reese da Mary Mandels suka yi nazarinta a cibiyar binciken soja da ke Natick, daga bisani aka raɗa mata sunan Reese. Inzayim ɗinta mai suna selules aikin gayya yake yi: kashi ɗaya yana datsa sarƙar daga tsakiya, na biyu yana gutsuro ta daga baki, gulukos biyu-biyu a haɗe, na uku kuma yana raba biyun. Wannan kashi na uku ya yi mata ƙaranci, shi ya sa ake haɗa ta da Aspergillus niger wadda ke samar da shi da yawa. Lignin kuwa sai irin su Phanerochaete chrysosporium, wadda a shekarar 1983 aka gano inzayim ɗin da take ruguza shi da shi. Hatta gara ta san wannan dabara, domin wasu nau'o'inta suna noma fumfuna a cikin suri don ta narkar musu da ciyayi.

Matakan aiki

Hanya mafi sauƙi ita ce noma fumfunar a kan ragowa mai danshi, ba cikin ruwa tsundum ba. Hanyar tsohuwa ce, domin tun a 1894 Jokichi Takamine, ɗan ƙasar Japan, ya yi rajistar inzayim da ya samar a kan dusar alkama a Amurka. Da farko akan shanya ragowar, a niƙa ta, wani lokaci a jiƙa ta da ruwan soda don sassauta lignin, sannan a wanke. Sai a ƙara gishirin naitirojin, a turara ta a zafin digiri 121 don kashe sauran ƙwayoyin halitta. Idan ta huce sai a zuba irin fumfuna, a ajiye a ɗumin kusan digiri 30 na 'yan kwanaki. Hikimar ita ce, fumfuna ba ta fitar da selules da yawa idan ta sami sukari a sauƙaƙe. Yunwa ce ke tilasta mata. Daga nan sai a zuba ruwa, a girgiza, a tace. Ruwan da aka tace yana narkar da wata ragowar a zafin kusan digiri 50, ya mayar da ita sukari, wanda yis ke juyawa zuwa etanol. Akan kuma sa inzayim ɗin a abincin kaji, da masaƙu, da masana'antar takarda.

Kammalawa

Tsadar inzayim na cikin abubuwan da ke hana wannan sana'a riba, don haka noma shi a kan ragowa mai araha babban sauƙi ne. Sai dai akwai abin lura guda biyu. Idan aka yi sakaci da tsafta, Aspergillus flavus, mai zuba gubar afalatoksin a gyaɗa da masara, tana iya mamaye aikin. Haka kuma, a ƙasar Hausa kara ba shara ba ne: abincin dabbobi ne da rani, da shi ake danga da girki, kuma yana mayar wa ƙasa taki. Saboda haka ya fi dacewa a fara da ɓuntun shinkafa da tuƙar rake, waɗanda ke jibge a bakin injina.