Randa Cikin Randa: Ƙirƙirar da ta Fito daga Dutse

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ta kuma mai da Dutse babban birninta, yawancin abin da ake rubutawa game da tarihin wannan yanki bai wuce sarauta da kayan tarihi ba. Ana ambaton Garu, tsohon garin da fadar Sarkin Dutse take, da auren da Sarkin Kano Abdullahi Burja ya yi da 'yar Sarkin Dutse a ƙarni na 15, da kuma zanen shanun da mutanen dā suka bari a jikin duwatsun Birnin Kudu. Ba kasafai ake sanya sunan Muhammad Bah Abba a wannan jeri ba, alhali kuwa shi ne malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa wanda ya sa aka ji sunan Dutse a ƙasashen duniya, ta dalilin tukwane biyu na yumɓu da jiƙaƙƙen yashi.

Matsalar da ya tunkara sananniya ce ga duk wanda ya san noman rani. Manomin fadama yana girbe tumatir da tattasai da yalo da alayyafo a daidai lokacin da ake shiga bazara, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, kuma da yake ƙauyuka da yawa ba su da wutar lantarki balle firji, kayan gwarin sukan fara yaushi da ruɓewa cikin 'yan kwanaki. Wanda kayansa ke lalacewa a hannunsa ba shi da bakin yin ciniki, don haka dole ya sallama a kan farashin da dillali ya yanka, ko kuma ya ɗora wa 'yarsa tire ta zagaya gari kafin rana ta faɗi.

An haifi Bah Abba a 1964 a gidan maginan tukwane, inda ya koyi sarrafa yumɓu tun yana yaro, daga baya ya yi karatun boko ya zama malami a Dutse, ya kuma yi aikin ba da shawara ga Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Jigawa, aikin da ya riƙa kai shi ƙauyuka yana ganin asarar da idonsa. A wajajen 1995 ya fara gwajin abin da aka sani da randa cikin randa. Ana samun tukwane biyu marasa shafe, babba da ƙarama, a zura ƙaramar cikin babbar, a cika ratar da ke tsakaninsu da yashin rafi, a jiƙa yashin sosai, sannan a zuba kayan gwari a cikin ƙaramar a rufe bakinta da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ana ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara wa yashin ruwa kamar sau biyu a rana.

Dalilin sanyin yana cikin abin da masana kimiyya ke kira sanyaya ta hanyar ƙafewar ruwa. Yumɓun da aka gasa ba tare da shafe ba yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kuma ta cikinsu ne ruwan yashin yake tsattsafowa zuwa bayan babbar tukunyar, inda busasshiyar iska take kwashe shi ya zama tururi. Ruwa ba ya rikiɗewa ya zama tururi sai ya sha zafi mai yawa, wanda ake kira ɓoyayyen zafi domin yana shiga cikin tururin ba tare da ya ɗaga ma'aunin zafi ba, kuma ruwan yana zuƙo wannan zafi ne daga jikin tukunyar da yashin da kayan da ke ciki. Lita ɗaya ta ruwa, idan ta ƙafe gaba ɗaya a irin zafin da ake yi a ƙasar Hausa, tana tafiya da kusan kilojul 2,400 na zafi, kilojul kuwa ma'aunin makamashi ne, kuma wannan adadi ya isa ya rage zafin lita fiye da 50 ta ruwa da digiri 10. Haka gumi yake sanyaya jikin ɗan Adam, kuma wannan ne ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Amfanin yashin shi ne ya riƙe ruwa ya riƙa sakinsa sannu a hankali, ya kuma tare zafin waje, yayin da tukunyar ciki take raba kayan abincin da ruwan. Sanyin da ke cikin tukunyar yana rage saurin numfashin kayan gwari, domin tumatir da ganye suna ci gaba da numfashi ko bayan an tsinke su, yana kuma rage yaɗuwar ƙwayoyin da ke haddasa ruɓa.

Gwaje-gwajen da ya yi sun nuna cewa yalo, wanda kan lalace cikin kwana 3, yana kaiwa kwana 27, tumatir da tattasai suna yin mako 3 ko fiye, alayyafo kuma, wanda yini guda ke kashewa, yana yin kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya ɗauki maginan tukwane suka gina 5,000 na farko ya raba kyauta a ƙauyukan Jigawa, sannan a 1999 ya ƙara wasu 7,000. Da ya lura cewa bayani a takarda ba zai isa ga mutanen karkara ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo da Hausa aka ɗauka a bidiyo, ana haska shi da daddare a dandalin ƙauye da janareta, dabarar da ta cancanci yabo kamar tukunyar kanta. Abin da ya fi damunsa a cikin lamarin shi ne 'yan talla, domin a ganinsa idan kayan miya za su jira mai saye ya zo har gida, matan aure za su iya saidawa daga cikin gidajensu, 'yan mata kuma su sami damar zuwa makaranta.

A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex da ke Suwizalan ya ba shi lambar yabo tare da dala 75,000, kuɗin da ya zuba wajen yaɗa tukwanen zuwa sauran jihohin Arewa, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sanya randar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Zuwa 2005 an raba fiye da 90,000. Dabarar ta tsallaka zuwa Sudan, inda mata maginan tukwane a Darfur suka karɓe ta, can kuwa ana kiranta zir.

Wasu kan ce ba shi ne ya ƙirƙiro ta ba, tunda mutanen Masar da Indiya sun san sanyaya ruwa a tulun ƙasa shekaru dubbai da suka wuce, haka ma kowace tsohuwa a ƙasar Hausa. Maganar gaskiya ce, amma ba ta rage masa komai ba, domin sanin cewa randa tana sanyaya ruwa daban ne da tsara ta yadda za ta adana abinci, a gwada ta a ƙidaya kwanakin, a koya wa magina girman da ya dace, a kuma kai ta hannun matan ƙauye a farashin da ba zai gagare su ba. Wannan aikin ne nasa, kuma a kansa ya tsaya har ya rasu a 2010.

Randar tana da iyakarta, kuma ɓoye wannan ba adalci ba ne ga masu amfani da ita. Ƙarfinta ya dogara ne a kan bushewar iska, saboda haka tana aiki sosai a hunturu da bazara, amma a tsakiyar damina, musamman a watan Agusta lokacin da iska ta cika da laima, ruwan ba ya ƙafewa da sauri kuma sanyin yana raguwa ƙwarai. Sa'ar da aka yi ita ce lokacin da ta fi aiki ya dace da lokacin girbin noman rani. Ba ta kaiwa sanyin firji, wanda ke tsayawa kusa da digiri 4, don haka ba ta dace da ɗanyen nama ko madara ko allurar rigakafi ba, kuma tana buƙatar ruwa kullum a wuraren da ake shan wahalar ɗibarsa. Auna yawan ruwan da take sha a kowane wata, da irin yumɓun da ya fi dacewa a cikin waɗanda ake haƙa a yankin, bincike ne mai sauƙin kuɗi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, za su iya gudanarwa tare da maginan tukwanen ƙauyukan da ke kewaye da su.