Clongowes da Makarantun Kwana na Jesuit: Inda Manyan Ayilan Suka Yi Karatu

Ɗariƙar Jesuit ƙungiya ce ta limaman Katolika wadda Ignatius na Loyola ya assasa, Fafaroma ya amince da ita a 1540. Ba da daɗewa ba koyarwa ta zama babbar sana'arta, kuma a ƙasar Ayilan makarantunta na kwana sun yaye ɗalibai masu yawa da suka yi suna a siyasa, adabi, yaƙi da kasuwanci.

A ƙarni na 18, Ayilan tana ƙarƙashin Ingila, kuma dokokin wancan zamani sun hana 'yan Katolika, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, buɗe makarantunsu. Masu hali sai su tura 'ya'yansu Faransa ko Sifaniya. Ita ma ɗariƙar ta sha tata wahalar, domin Fafaroma Clement na 14 ya rushe ta a 1773, ba a maido da ita ba sai 1814. A wannan shekarar ce Fada Peter Kenney ya sayi wani tsohon gidan sarauta kusa da Clane, a gundumar Kildare, ya buɗe kwalejin Clongowes Wood. Tullabeg ta biyo baya a 1818, aka haɗe ta da Clongowes a 1886. Akwai kuma Mungret a Limerick, wadda ta yi aiki daga 1882 zuwa 1974. Wasu iyayen kuwa sun fi son Stonyhurst, makarantar ɗariƙar da ke Lancashire a Ingila, saboda yaro ya dawo da bakin Turancin manya.

Karatun ya ginu ne a kan tsarin da ɗariƙar ta fitar a 1599: Latin, Girkanci, addini da horo mai tsauri. Har azuzuwan ma sunayen darussa suke ɗauke da su, yaro ya bi ta ajin nahawu da ajin waƙa ya ƙare a ajin balaga. Muhawara da wasan kwaikwayo suna da babban matsayi, shi ya sa ɗaliban suka fito da iya magana a kotu da majalisa. Daniel O'Connell, wanda ya jagoranci fafutukar da ta ba 'yan Katolika damar shiga majalisar Birtaniya a 1829, a Clongowes ya sa 'ya'yansa.

Thomas Francis Meagher ya yi Clongowes, ya ƙarasa a Stonyhurst. Shi ne ya fara ɗaga tutar Ayilan mai launi uku, kore da fari da ruwan lemo, a Waterford a 1848. Bayan boren da aka yi a shekarar, aka kore shi zuwa tsibirin Tasmaniya. Ya tsere Amurka a 1852, ya zama janar a yaƙin basasar ƙasar, daga baya muƙaddashin gwamnan yankin Montana, ya nutse a kogin Missouri a 1867.

Wanda ya fi kowa sanar da duniya sunan Clongowes shi ne marubuci James Joyce. An kai shi can a 1888 yana ɗan shekara shida da rabi, aka cire shi a 1891 lokacin da aljihun mahaifinsa ya bushe. Fada John Conmee, tsohon shugaban makarantar, shi ya samar masa gurbi kyauta a Belvedere, makarantar jeka-ka-dawo ta ɗariƙar a Dublin. A littafinsa A Portrait of the Artist as a Young Man na 1916, Joyce ya ba da labarin yaron da aka yi wa bulala a tafin hannu bisa zalunci bayan tabaransa sun fashe, ya yi ta-maza ya kai ƙara wurin shugaba. Joyce ya yi watsi da coci da ya girma, amma tsarin tunanin malamansa bai bar rubutunsa ba. Abokinsa Oliver St John Gogarty, likita kuma marubucin waƙoƙi, ya ratsa Mungret, Stonyhurst da Clongowes duka uku.

Kuskure ne a ɗauka makarantun nan masu tayar da ƙayar baya suke horarwa. Galibin ɗalibansu lauyoyi ne, likitoci, alƙalai da ma'aikatan daular Birtaniya. John Redmond, tsohon ɗalibin Clongowes, ya nemi mulkin kai ta hanyar majalisa, ya kuma kira 'yan ƙasarsa su shiga sojan Birtaniya a 1914. Ƙaninsa Willie ya mutu a fagen Messines a 1917, Tom Kettle kuma, wani tsohon ɗalibin makarantar, a Somme a 1916. Amma a wannan shekarar ta 1916, a boren da aka yi wa mulkin Birtaniya, Michael O'Rahilly, shi ma ɗan Clongowes, ya faɗi a titin Dublin yana yaƙar sojan Birtaniya, aka kuma harbe Joseph Plunkett na Stonyhurst sa'o'i kaɗan bayan an ɗaura masa aure a kurkukun Kilmainham.

Abin da ya fi ɗaci ya faru ne a yaƙin basasar Ayilan. Kevin O'Higgins da Rory O'Connor duk sun yi Clongowes, kuma O'Connor ne babban abokin ango a bikin O'Higgins a 1921. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya ta raba su. Ranar 8 ga Disamba 1922, gwamnatin da O'Higgins yake minista a cikinta ta harbe O'Connor da wasu fursunoni uku domin ramuwar kisan wani ɗan majalisa, da yardar O'Higgins. Shi ma an bindige shi a 1927 yana kan hanyar coci.

Bayan samun 'yanci, tsofaffin ɗaliban suka ci gaba da riƙe manyan muƙamai. Fada Hugh O'Flaherty na Mungret ya ɓoye dubban Yahudawa da fursunonin yaƙi a Roma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. John Bruton, firaminista daga 1994 zuwa 1997, da Michael O'Leary na kamfanin jirgin sama na Ryanair duk 'yan Clongowes ne. Tarihin yana da tabo kuma: a 2021 ɗariƙar ta amsa a bainar jama'a cewa wani limaminta ya ci zarafin ɗalibai a makarantunta shekaru da dama da suka wuce.

A yau Clongowes ce kaɗai makarantar kwana ta Jesuit da ta rage a Ayilan, maza zalla take ɗauka, kuma kuɗinta yana cikin mafi tsada a ƙasar.